Tarihin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Yadda Ya Ɗauki Mai Tambaya a Cikin Addini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci hankali, Ya sanya shi sharaɗin ɗora wa bawa hukunci, Ya kuma umarci wanda bai sani ba ya tambayi ma'abota sani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa a cikin ɗariƙar Sidi Abdulƙadir Jilani, kafin mu shiga waƙar da ke cikin wannan littafi da sharhinta, mun ga ya dace mu gabatar da taƙaitaccen tarihin Mujaddadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ta wata fuska wadda ba a cika ambatonta ba. Kowa ya san shi da jihadi da tuta, amma kaɗan ne suka san yawan wahalar da ya sha wajen kare imanin talaka wanda aka tambaye shi ya kasa amsawa, da buɗe ƙofa ga wanda yake son ya yi tambaya.

Dalilin zaɓen wannan fuska shi ne halin da muka shiga a nan Gadarif. Tun da yaƙi ya tashi a Sudan cikin watan Afrilu na 2023, jama'a suka yi ta kwararowa wannan gari daga Khartum, daga baya kuma daga Wad Madani da ƙasar Sinnar, sun bar gidaje da gonaki da kaburburan iyaye. Wanda ya ga irin wannan, zuciyarsa takan tambaye shi hikimar Allah a cikinsa. Samari kuma suna tambayar dalilin wajabta kaza da haramta kaza. Sau da yawa amsar da suke samu tsawa ce, wani lokaci ma a ce musu sun fita daga addini, sai su yi shiru su tafi da tambayarsu wurin wanda ba ya tsoron Allah. To, bari mu duba yadda Shehu ya yi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Shehu a Marata cikin ƙasar Gobir, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yau, a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 ta Hijira, daidai da Disamba 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hawwa'u, daga zuriyar Fulani Toronkawa, gidan malanta ne tun kaka da kakanni. Ya tashi a Ɗegel, ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa. Ya ɗauki nahawu wurin Malam Abdurrahmani ɗan Hammada, ya karanta Muhtasar na Halilu wurin Malam Usmanu Binduri, wanda ya zauna tare da shi har ya ɗauki halinsa na tsoron Allah da horo da kyakkyawa da hani ga mummuna. Daga baya ya karanta Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji.

Amma malamin da ya fi tasiri a kansa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi shi har Agadas, ya zauna da shi wajen shekara guda. Da Malam Jibrilu ya tashi tafiya aikin Hajji, Shehu ya so ya bi shi, amma da yake bai nemi iznin mahaifinsa ba, sai malamin ya mayar da shi gida. Ka riƙe sunan wannan malami, ya ɗan'uwa, domin za mu komo kansa.

Majalisinsa

Shehu ya fara wa'azi yana da shekara 20, a 1188 ta Hijira, wajen 1774. Ya fara daga Ɗegel, ya tafi Kabi, sa'an nan ya yi wajen shekara biyar a Zamfara, ƙanensa Abdullahi yana tare da shi. Yana yi wa mutane magana da Fulatanci da Hausa, yana tsara waƙoƙi da harshen da suke ji, domin manomi da makiyayi su san farillan alwala da salla da abin da ya wajaba su ƙudurta game da Ubangijinsu.

Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa a cikin Infaƙul Maisuri. Ya nuna cewa yakan fito da sakin fuska, ya yi wa jama'a sallama, kuma ba ya ƙosawa da su, alhali an jarrabe shi da wasu mutane marasa ladabi waɗanda ko an ce su yi shiru ba sa yi, ko an hana su tambaya ba sa bari. Duk da haka bai rufe majalisinsa ba, bai kuma kore su ba. Wannan ita ce shaida ta farko.

Shaida ta biyu ita ce sha'anin mata. Mata suna zuwa wurin wa'azinsa, sai wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya yi masa baitoci yana zarginsa da haɗa maza da mata. Shehu ya umarci Abdullahi ya amsa, kamar yadda ya zo a cikin Tazyinul Waraƙati, cewa ba a cakuɗa su, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi zuwansu muni. A cikin Nurul Albabi kuma Shehu ya soki malaman da suke karantar da ɗalibai na nesa, su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarki da salla ba. Hukuncinsa shi ne, matar da mijinta ba zai iya sanar da ita ba, ba kuma zai je ya tambayo mata ba, to ta fita da suturarta ta je ta tambaya. Ka ga ke nan a wurin Shehu tambaya kan abin da ya wajaba ita ma wajiba ce. Daga wannan gida 'yarsa Nana Asma'u ta fito, wadda ta kafa 'yan taru, jajis suna kai ilmi ga matan ƙauye.

Fitinar masu jarraba mutane

A wancan zamani an sami wata ƙungiya ta ɗalibai waɗanda suka karanta littattafan tauhidi, musamman Ummul Barahini na Shehu Sanusi mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Littafin mai albarka ne, har yau muna karanta shi. A cikinsa ake koyon siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, da ashirin da suka koru, da ɗaya mai halatta, da abin da ya wajaba ga Manzanni da abin da ya koru gare su, kowanne da hujjarsa ta hankali. Amma waɗannan ɗalibai sai suka mayar da shi sanda. Sukan tsare mutum su tambaye shi siffofin da hujjojinsu bisa tsarin malaman ilmin kalam, in ya kasa, su ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Da haka suka kafirta tsofaffi masu salla da azumi, suka sa wa talakawa shakka cikin imaninsu.

Shehu ya tsaya musu tsayin daka. Bello ya ambata cewa littattafan da ya wallafa wajen mayar musu da martani sun kai kimanin hamsin. Daga cikin waɗanda suka taɓa wannan mas'ala akwai Hisnul Afhami, da Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, da Mi'irajul Awammi, da Tanbihuɗ Ɗalaba, wanda sunansa kansa yake faɗakar da ɗalibai cewa ana sanin Allah da fiɗira, wato halittar da aka halicci ɗan Adam a kanta. Ya kuma kafa hujja da Shehu Hasanul Yusi na Magrib, wanda ya rasu a 1691, domin shi ma ya gamu da irin waɗannan mutane a Sijilmasa ya yi musu raddi.

Taƙaitaccen abin da Shehu ya tsaya a kai shi ne wannan. Tushen addini, wato sanin Allah da Manzanni da Lahira, wajibi ne a kan kowa, kuma Alƙur'ani ya tabbatar da shi da hujjojin da kowa zai gane, kamar halittar sama da ƙasa da saukar ruwa da tsirowar shuka. Ilmin kalam kuwa, da ƙa'idojinsa da lafuzzansa, farilla ce wadda in wasu suka ɗauka ta sauka daga kan saura. Hukuncin duniya kuma bisa zahiri yake: wanda ya furta kalmar shahada, bai bayyana kafirci da magana ko aiki ba, Musulmi ne, ba a tsaga zuciyarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncin Larabawan ƙauye bai jarraba su da hujjojin malaman kalam ba, sahabbai kuma haka suka yi a garuruwan da suka buɗe.

To, ka lura da abin da yake fitowa daga nan. In rashin iya amsa tambaya bai fitar da mutum daga imani ba, to samun tambaya a cikin zuciya wadda mutum bai san amsarta ba, yana neman wanda zai warware masa, ita ma ba ta fitar da shi. Imani gaskatawa ne da miƙa wuya. Yana zama a cikin zuciya tare da abubuwa da yawa waɗanda bawa bai gane ba tukuna.

Saɓaninsa da malaminsa

Yanzu mu koma ga Malam Jibrilu. Saboda tsananin kishinsa ga addini da ganin yadda ɓarna ta yawaita, ya tafi a kan cewa masu aikata wasu manyan zunubai, kamar auren mata fiye da huɗu da cin dukiyar maraya da tsiraici, sun kafirta. Shehu yana ƙaunar wannan malami ƙauna mai tsanani, ya yabe shi a waƙoƙinsa, yana ganin shi ne ya fara kiran da shi ya ci gaba da shi. Duk da haka bai karɓi wannan magana ba. Ya auna ta da Littafi da Sunna da maganar malaman Ahlus Sunna, ya ga ba a kafirta Musulmi da zunubi matuƙar bai halatta shi ba, kuma kafirtawa da zunubi hanyar Hawarijawa ce. Ya bayyana haka a cikin Nasa'ihu, ya kuma wallafa Shifa'ul Galili musamman domin warware abin da ya rikitar daga maganar malaminsa, yana nema masa uzuri, yana ambatonsa da girmamawa.

Wannan darasi ne gare mu mutanen ɗariƙa. Ladabin almajiri ga shaihinsa wajibi ne, kuma ba a samun buɗi sai da shi. Shehu kansa Baƙadire ne, ya ambata a cikin littafinsa na Wuridi cewa yana da shekara 40 aka nuna masa Sidi Abdulƙadir ya ɗaura masa takobin gaskiya. Amma wannan ladabi bai hana shi ya tambayi hujjar malaminsa a kan hukuncin shari'a ba. Ya riƙe girman malamin, ya kuma riƙe gaskiya, bai saki ɗaya domin ɗaya ba.

Iyakar tambaya

Kada wani ya ji wannan ya zaci Shehu mai sassauci ne a kan kowace magana. Shi ne ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku a cikin Nurul Albabi: Musulmi na gaskiya, da masu cakuɗa Musulunci da ayyukan kafirci kamar yanka ga itatuwa da duwatsu, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Kuma bai ɗauki mai musun tashin ƙiyama ko mai izgili ga addinin Allah a matsayin Musulmi ba. Saboda haka iyakar tana nan, kuma malamai sun bayyana ta.

Tambaya iri uku ce. Ta farko tambayar neman sani, ita ce wadda aka yi umarni da ita. Ta biyu tambayar neman hikima da natsuwar zuciya. Irinta ce mala'iku suka yi game da sanya halifa a bayan ƙasa, irinta ce kuma Annabi Ibrahimu ya yi da ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, dukansu a cikin Suratul Baƙara, kuma Allah bai kore su ba, Ya amsa musu. Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai kukan abin da suke ji a zukatansu wanda suke jin nauyin furta shi, sai Annabi ya sanar da su cewa wannan jin nauyi shi ne tsantsar imani. Haka kuma wata mata ta tambayi Nana A'isha dalilin da ya sa mai haila take rama azumi ba ta rama salla. Da Nana A'isha ta tabbatar tambaya take yi ba jayayya ba, sai ta amsa mata cewa haka aka umarce su a zamanin Annabi. A nan akwai faɗakarwa: wani hukunci ana sanin hikimarsa, wani kuwa amsarsa ita ce umarni ne, kuma mai imani yana aiki da shi ko ya gane hikimar ko bai gane ba.

Ta uku ita ce tambayar girman kai, wadda mai yinta ya riga ya yanke ba zai bi ba, yana tuhumar Ubangijinsa da rashin adalci. Ita ce ta Iblis da aka umarce shi da sujada ga Adamu. Alamar da ke raba ta da na farkon ita ce, masu tambaya biyun farko suna tambaya suna salla, in an ba su hujja su karɓa, in ba su samu ba su ci gaba da nema. Na ukun kuwa ya ajiye umarni tun kafin ya buɗe baki. Kuma ko shi, aikin malami ne ya yi masa bayani ya tsayar masa da hujja, hukunci kuwa na alƙali ne, ba na kowane mai wucewa ba.

Hijira da jihadi

Da jama'ar Shehu ta yawaita, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, wajen 1788, ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiya ba, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Amma bayansa Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi sai Shehu, ya hana ɗa barin addinin ubansa, ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa abin ya tsananta, har aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana. Sai Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin Zulƙida 1218, daidai da Fabrairu 1804, jama'a suka yi masa mubaya'a.

Allah Ya ba su nasara a Tafkin Kwatto cikin Yuni 1804. Amma a ƙarshen wannan shekara aka jarrabe su a Tsuntsuwa, inda kimanin mutum 2,000 suka yi shahada, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ga yunwa, ga ciwo, sa'an nan ga wata jarrabawar a Alwasa a 1805. Waɗannan bayin Allah ne da suka bar gidajensu domin addini, kuma bala'i bai tsallake su ba. Wanda ya rasa gidansa a wannan zamani namu ya tuna da su, ya san cewa jarrabawa ba alamar fushin Allah ba ce a kowane hali. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai a 1808.

Ko a cikin wannan hali tambaya ba ta yanke ba. Malam Abdullahi ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga mulki da tara dukiya, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, har ya kai Kano. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya komo. Daga baya ya saɓa wa Shehu a rubuce a kan wasu mas'aloli, kamar kaɗe-kaɗe da tufafin ado ga shugabanni da sunayen sarauta. Shehu ya amsa da hujja, yana nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa mutane a cikinsa. Bai raba shi da matsayinsa ba, har ma ya ba shi riƙon yammacin ƙasar, kuma a cikin Najmul Ikhwani ya yi wa jama'a wasiyya da karanta littattafan Abdullahi da na Bello.

Daga Barno kuma Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi ya aiko da wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla da azumi, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Tambaya ce mai nauyi, domin ta taɓa tushen al'amarin gaba ɗaya. Shehu da Bello suka amsa masa a rubuce. Kuma Bello bai ɓoye wasiƙun Alkanemi ba, ya sanya su cikin Infaƙul Maisuri tare da amsoshinsu, har yau mai karatu yana ganin hujjar kowane ɓangare. Mutanen da suke tsoron tambaya ba sa yin haka.

Wafatinsa

Bayan an ci Alƙalawa, Shehu ya bar sha'anin mulki a hannun Abdullahi da Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana wallafa littattafai. A 1815 ya koma Sakkwato. Allah Ya karɓi ransa ranar 3 ga Jimada Lahir 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817. Kabarinsa yana Hubbare a Sakkwato, ana ziyartarsa.

Bayan shekara 86 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufo gabas, ya yi shahada a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da sauran jama'a Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira da sunansa. Daga waɗannan, da kuma mahajjatan da suka biyo hanyar ƙasa suka zauna noman dawa da riɗi, da yawa daga cikinmu muka fito. Iyayenmu sun ɗauko littattafan Shehu a cikin gafaka sun ƙetaro da su Wadai da Darfur. To, gadon ba takarda kaɗai ba ne, har da halin mai takardar.

Saboda haka, ya kai malami, ya kai muƙaddami, ya kai uba, in yaro ko mace ko wanda musiba ta taɓa ya zo maka da tambaya game da Allah ko hukuncinSa, ka zaunar da shi ka saurare shi. In ka sani ka sanar da shi, in ba ka sani ba ka kai shi wurin wanda ya sani, kada ka gaggauta fitar da shi daga addinin da Allah Ya shigar da shi. Kai kuma mai tambaya, ka yi tambayarka da ladabi, ka kai ta wurin masu tsoron Allah, kada ka ajiye salla da wuridi kana jiran amsa, domin da yawa daga cikin abin da ya shige wa zuciya duhu a cikin sujada yake warwarewa.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu, da Malam Abdullahi, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u, da malamansu da almajiransu. Allah Ya kawo wa ƙasar Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, Ya sa mu cika da kalmar shahada, albarkar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.